Kafin Ka Dangwala Yatsa: Sa Hannu a Takardun Shari'a a Khartum da Omdurman

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da 'yan uwanmu Hausawan Sudan, na Khartum da Omdurman da Bahri, na Mai Wurno da Gadarif da Kasala, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Bur Sudan da Masar da Chadi da Saudiyya. Allah ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kotu a Omdurman da hantsi ya san ardahalji, mai rubuta wa mutane takardar koke. Yana zaune da ɗan teburinsa, ga takardu, ga kan sarki, ga ƙaramin akwatin tawada. Dattijuwa ta zo ta zauna, ta faɗi abin da ke tafe da ita, ya rubuta da Larabci. Da ya gama sai ya kama babban yatsanta, ya danna a tawada, ya danna a ƙasan takarda. Ta goge yatsan da gefen mayafinta ta tashi. Kafin la'asar tawadar ta fita daga hannunta. Wadda ta bari a takarda kuwa tana iya kaiwa kan jikokinta.

A kan wannan ɗan aiki za mu yi zancenmu yau. Yaya ake sa hannu a takardar shari'a a Sudan? Mene ne bambancin takardar da kuka rubuta a zaure da wadda lauya ya buga wa hatimi? Kuma yanzu da ciniki ya koma cikin waya, ina yatsa yake? Ku gyara zama.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: Bari mu fara daga inda abin ya samo tushe a wajenmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take magana. Ta yi umarni a rubuta, a kafa shaidu. Amma akwai wani abu a cikinta da mutane kan wuce ba su lura ba: wanda bashin ke kansa, shi aka ce ya yi wa marubuci shifta. Wato kalmomin da za su ɗaure mutum, daga bakinsa ya kamata su fito. Ku riƙe mini wannan, za mu dawo kansa.

Kafin biro ya zo, hatimi ake bugawa. Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar aika wa sarakuna wasiƙu, an gaya masa ba sa karɓar wasiƙar da ba hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa. A nan ƙasar Sudan, sarakunan Sinnar, waɗanda suka yi mulki daga 1504 zuwa 1821, sukan ba malamai da manyan mutane filaye da takarda mai hatimin sarki da jerin sunayen shaidu. Haka ma sarakunan Darfur. Marigayi Muhammad Ibrahim Abu Salim, wanda ya daɗe yana shugabancin Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun tarihi a Khartum, ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattara irin waɗannan takardu da nazarinsu, har da dubban takardun zamanin Mahadin Sudan da magajinsa Halifa Abdullahi na Omdurman.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana zaune a Balda ta ƙasar Adamawa ya yi musayar wasiƙu da Mahadi, har Mahadi ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Ku yi tunanin wasiƙar da ta yi watanni a jakar ɗan aike, ta ratsa Kurdufan da Darfur da Wadai. Wanda ya karɓe ta bai ga lokacin da aka rubuta ba. Me zai dogara da shi? Hatimi, da amanar wanda ya kawo.

Tun wancan zamani har yau, tambayoyi uku ne duk wata takarda ke bukatar amsawa idan rigima ta tashi. Ta farko: wa ya sa hannun nan? Ta biyu: ya san abin da ke ciki, kuma da yardarsa ya sa? Ta uku: an taɓa takardar bayan ya sa? Hatimi, shaidu, lauya, rajista, lambar sirri ta waya, duk don a amsa waɗannan uku aka ƙirƙiro su.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: To, me dokar Sudan ta ɗauka a matsayin sa hannu? Dokar Shaida ta 1994, wadda lauyoyi ke kira Ƙanunul Isbat, ta san hanya uku: tauƙi'i, wato rattaba hannu da alƙalami, hatimi, da basma, wato dangwala yatsa. Duk ɗaya suke a gaban alƙali. Kada wata uwa ta ce, ai ni ban iya rubutu ba, yatsa kawai na sa. Wannan yatsan ya ɗaure ki kamar yadda biro ke ɗaure ɗan jami'a.

Dokar kuma ta raba takardu gida biyu. Akwai takarda ta yau da kullum, wadda mutane suka rubuta tsakaninsu. Tana da ƙarfi, amma wanda aka ce ya sa hannu yana iya tsayawa ya ce ba hannunsa ba ne, sai an kawo shaidu ko an kai wa masana su gwada rubutu da zanen yatsa. Akwai kuma takarda ta hukuma, wadda wani mai iko ya rubuta ko ya tabbatar a cikin hurumin aikinsa. Irin wannan ba a ture ta da musu kawai. Wanda ke son rushe ta sai ya yi da'awar jabu ce, ya kuma kawo hujja. Shi kuma yin takardar jabu laifi ne da Dokar Laifuka ta 1991 ta yanke wa hukunci a sashe na 123.

A nan ne tausiƙi, wato tabbatar da takarda a hannun lauya, ya shigo. Idan kuna bin titunan Suƙul Arabi ko kewayen kotuna, kun sha ganin allo an rubuta sunan lauya, a ƙasa an ƙara kalmar muwassiƙ. Ba kowane lauya ke da wannan iko ba. Alƙalin Alƙalai ne ke ba da shi ga lauyan da ya yi shekaru a bakin aiki, kuma yana iya karɓe shi idan aka ci amanarsa. Aikin muwassiƙ shi ne ya ga mutanen da idonsa, ya duba katin shaidarsu, ya tabbata suna cikin hankalinsu kuma ba tilasta musu aka yi ba, su sa hannu a gabansa da gaban shaidu biyu, sannan ya buga hatiminsa, ya ba takardar lamba da kwanan wata, ya ajiye kwafi a wajensa. Wannan kwafin da wannan lambar su ne dukiyar. Takardar hannunka tana iya ƙonewa, amma lambar tana nuna inda za a nemo 'yar uwarta.

Bari mu bi cinikin gida ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ce wani bawan Allah ya ga gida a Sawra ko Umbadda, samsar, wato dillali, ya haɗa shi da mai shi, an yi ciniki, an sallama. Kafin ya ba da ko kafin alƙalami, abu na farko shi ne shahadat bahas. Takarda ce da ofishin rajistar filaye ke bayarwa, kuma a Sudan wannan ofishi a ƙarƙashin ɓangaren shari'a yake. Tsarin ya samo asali daga dokar rajistar filaye ta 1925, tun zamanin Turawa. A cikin shahadat bahas za ka ga sunan mai gida, lambar fili, lambar murabba'i, wato sashen unguwa, faɗin wurin, da ko an jinginar da gidan a banki ko kotu ta sa masa takunkumi. A nemi sabuwa, wadda aka fitar domin sayarwa. Tsohuwar da ta shekara a ƙasan akwati labarin bara take bayarwa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Abu na biyu, a tafi wajen muwassiƙ, mai saye da mai sayarwa da shaidu biyu, kowa da raƙam watani, lambar ɗan ƙasa. A nan ina so 'yan uwana Hausawa su buɗe kunne. A Sudan suna huɗu ake rubutawa: naka, na mahaifinka, na kakanka, na uban kakanka. Mu kuwa mutum ɗaya a unguwa Garba ne, a takarda Abubakar. Audu a kasuwa, Abdullahi a makaranta. Shehu a gida, Usman a kati. Idan sunan da ke rajistar fili ya saɓa da na kati ko da suna ɗaya, a tsaya a gyara ta hanyar kotu kafin a sa hannu. Abin da ake gani ƙarami yau shi ke hana marayu gadonsu gobe.

A karanta takardar duka, da ƙarfi, kowa na ji. Wanda Larabcin takarda ya yi masa nauyi, kuma Larabcin lauyoyi daban yake da na kasuwar Omdurman, ya zo da nasa mutum da zai fassara masa da Hausa, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A duba kuɗin, da lambobi da kalmomi. A duba kada a bar gurbi fari. Idan shafi ya fi ɗaya, a sa hannu a kowane shafi, don kada a zare na tsakiya a sauya. Idan an kankare wani abu an gyara, a sa hannu a gefen gyaran.

Abu na uku, wanda mutane da yawa ke tsayawa kafin su kai gare shi: a koma ofishin rajista a sauya suna. A biya kuɗin hukuma, a karɓi rasiɗi, wato Ornik 15, wanda tun 2015 aka mayar da shi na na'ura. Sannan a sake fitar da shahadat bahas, ka ga sunanka da idonka. Takardar lauya shaida ce cewa kun yi ciniki. Rajista ce ke cewa gidan naka ne. Wanda ya tsaya a takardar lauya ya bar ƙofa a buɗe, marar tsoron Allah na iya sayar wa wani gidan a karo na biyu.

Idan kuma gidan na gado ne, sai an ga i'ilam shar'i, takardar kotu da ke lissafa magada. Babban wa ba ya sa hannu a madadin ƙannensa mata don kawai shi ne babba. Kowane magaji ya sa nasa, ko ya wakilta wani a rubuce. Rabon yara ƙanana kuwa sai da izinin kotu.

Haka zancen yake a aure. An ɗaura a masallaci bayan la'asar, an yi fatiha, an raba dabino, amma ma'azun, wato mai rajistar aure, shi ke cike ƙasima, takardar aure, waliyyi da ango ko wakilinsa da shaidu su sa hannu. Uwargida, ki karɓi kwafinki ki adana. Ranar neman takardar haihuwar yaro, ko fasfo, ko gado, ita za a fara tambaya.

(Kiɗa)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan sa hannu a takardun shari'a a Khartum da Omdurman.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Khartum. Mutane sun fita da kayan jikinsu. Takardun gida, ƙasimar aure, shaidar karatu, da yawa an baro su a cikin durowa, wasu sun ƙone, wasu sun faɗa hannun da ba a sani ba. Ɗaliban Najeriya da ke Jami'ar Afirka ta Duniya da sauran makarantu, waɗanda aka kwashe ta kan iyakar Masar da ta Bur Sudan, sun san zafin barin takarda a baya. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, mutane ke komawa suna duba abin da ya rage. Wasu na son sayarwa, wasu na son saye, da yawa kuma masu gidajen suna Alƙahira ko Jidda. A irin wannan yanayi takarda ɗaya ce ke yawo fiye da kowace: taukil, takardar wakilci.

Zuwa da kai ya fi saƙo, amma wanda ba shi da halin zuwa dole ya aika. Taukil halal ne a addini, daidai ne a doka. Wanda ke waje yakan yi shi a ofishin jakadancin Sudan na ƙasar da yake, sannan a kai Ma'aikatar Harkokin Waje ta tabbatar da hatimin. Haɗarin yana cikin faɗin kalmomi. Akwai taukil na musamman: na wakilta wane ya karɓi hayar gidana mai lamba kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza. Akwai kuma na gaba ɗaya, wanda ke ba wakili ikon saye da sayarwa da jingina da karɓar kuɗi. Mai ba da irin na biyun ya miƙa makullin duk abin da ya mallaka. Idan gyaran rufi kake so a yi maka, a rubuta gyaran rufi. Idan aikin ya ƙare, ka soke wakilcin a rubuce, ka sanar da wakilin da ofishin da abin ya shafa.

Kai kuma mai saye daga hannun wakili, kada kunya ta hana ka bincike. Nemi asalin taukil ɗin, kada ka yarda da hoto. Koma wajen wanda ya buga hatimin ka tambayi lambar. Nemi mai gidan a waya, ka ga fuskarsa, ka ji daga bakinsa. Ka tabbata yana raye, domin wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya bayar. Gidan da aka karya wa farashi ana kuma gaggauta ka, ka ja da baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yaƙi ya tsaga bangaye da yawa.

Sai cek. Duk ɗan kasuwar Suƙ Libiya ya san sashe na 179 na Dokar Laifuka, kuma ya san kalmomin nan da ke sa gaban magidanci faɗuwa: yabƙa li hinis sadad, wato ya zauna a tsare har sai ya biya. Cek ɗin da banki ya mayar don babu kuɗi laifi ne a Sudan. Mutane nawa ne suka sa hannu a cek fari, ba adadi ba kwanan wata, wai jingina ce kawai, aboki ya ce ba zai kai banki ba? Mutane nawa ne suka tsaya wa ɗan uwa lamuni ba su tambayi nawa ne bashin ba? Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Sa hannu a farar takarda ya fi haka muni, domin ka ba wani bakinka ne ya faɗi abin da ya ga dama da shi.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: Yanzu mu shiga waya da kwamfuta. Duniya ta daɗe da fara wannan tafiya. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki ta fitar da samfurin doka kan ciniki ta na'ura a 1996, ta ƙara da na sa hannu a 2001. Amurka ta yi tata dokar a 2000. Sudan ta yi Dokar Mu'amaloli ta Na'ura a 2007, kuma a ƙarƙashinta aka samar da hukumar ƙasa mai kula da tantance irin wannan sa hannu. Najeriya ta amince da shi a Dokar Shaida ta 2011. Saboda haka kada wani ya ce abin da aka yi a waya wasa ne. Kotu tana kallonsa.

Amma abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, hoton sa hannu. Ka rattaba a takarda, ka ɗauki hoto, ka tura ta WhatsApp. Wannan shi ne mafi rauni. Yaro mai wayo zai yanke hoton ya manna a ƙasan kowace takarda cikin minti biyu. Ku mayar da shi kan tambayoyinmu uku: bai nuna wanda ya manna ba, bai nuna yarda ba, bai hana a sauya rubutu ba.

Na biyu, lambar sirri da danna maɓallin amincewa. Wannan kowa ya san shi ta Bankak, manhajar Bankin Khartum, wadda ta riƙe mutane da yawa lokacin da rassan bankuna suka rufe. Canjin takardun kuɗi na fam 500 da 1,000 da aka fara a Disambar 2024 ya ƙara tura jama'a buɗe asusu. Duk lokacin da ka shigar da lambarka ka danna, na'ura tana rubuta asusun da ya aika, da adadin, da lokacin. A wajen banki, wanda ya san lambar shi ne kai. Iyayenmu mata da ke miƙa wa yaron maƙwabta waya su faɗa masa lambar, da masu faɗa wa baƙon murya lambar da aka turo musu ta saƙo, su sani babban yatsansu suka cire suka bayar. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Kai kuma mai shago, ish'ar, wato sanarwar an tura kuɗi, da aka nuna maka a fuskar waya hoto ne, ana ƙirƙirar na ƙarya. Buɗe naka asusun ka ga kuɗin sun shiga kafin kaya su bar hannunka.

Na uku shi ne sa hannun na'ura na ainihi, wanda aka gina da lissafi. Ga yadda yake aiki. Ana ba mutum makulli biyu da aka ƙera tare. Ɗaya na sirri ne, yana cikin kati ko wata 'yar na'ura, ba mai riƙe shi sai mai shi. Ɗayan na fili ne, kowa na iya samu. Idan za ka sa hannu, kwamfuta tana bin takardar harafi bayan harafi ta fitar da wata gajeriyar lamba da ta keɓanta da ita, kamar yadda zanen yatsa ya keɓanta da mutum. Sai ta kulle wannan lamba da makullinka na sirri, ta liƙa a jikin takardar. Wanda ya karɓa zai gwada da makullinka na fili. Idan ya buɗe, to daga gare ka ta fito. Sannan kwamfutarsa ta sake fitar da lambar takardar ta gwada da wadda ka kulle. Da wani zai ƙara sifili ɗaya a kan kuɗin, lambobin biyu ba za su dace ba, nan take asiri ya tonu.

Saura tambaya ɗaya: wa ya ce makullin nan na wane ne? Aikin hukumar tantancewa ke nan. Ita ke duba mutum da takardunsa, ta ba da shaidar cewa wannan makulli nasa ne. Kun ga ashe muwassiƙ bai tafi ko'ina ba, kujera ya sauya.

Wannan hanya ta amsa tambaya ta farko da ta uku fiye da yadda biro zai iya. Ta biyu fa? Na'ura ba ta san ko ka karanta ba. Ba ta san ko an tsaya a kanka da barazana ba. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka ware manyan al'amura suka ce sai an haɗu ido da ido. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta cire wasiyya da al'amuran aure da saki daga abin da sa hannun na'ura ke ɗaurewa. A Khartum ma, wanda ya ce zai sauya maka sunan gida ta saƙon waya ba tare da lauya da rajista ba, ka riƙe kuɗinka.

Kuma kowace hanya da inda take karyewa. Takarda wuta na cin ta. Na'ura kuwa, wanda ya zauna a Sudan a Fabrairun 2024, lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke, ya ga yadda mai kuɗi a asusu ya rasa na burodi. Saboda haka a haɗa biyun. Duk takarda mai muhimmanci a ɗauki hotonta shafi-shafi, a tura wa amintattu biyu a garuruwa daban-daban, a rubuta lambarta da sunan ofishin da ya fitar a wani littafi dabam. Hoton ba zai maye gurbin asali ba, amma shi zai nuna wa ma'aikaci inda zai duba.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: Lokaci ya fara yi mana halinsa. Na ce ku riƙe mini abu ɗaya tun farko: wanda nauyi zai hau kansa, shi ke yin shifta. Ayar ta ci gaba da cewa idan ba zai iya ba, mai kula da al'amarinsa ya yi masa bisa adalci. Wannan kira ne gare ku, samari da 'yan mata na Ingaz da Mayo da Umbadda da kuka yi karatu, jikokin waɗanda suka taso daga Sakkwato da Kano da Katsina a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin Nilu. Kakanninku da yawa sun zauna a unguwar Ushash Fallata ba su da takardar ko taku ɗaya na ƙasa. Abin da iyayenku suka samu daga baya, da gumi suka same shi.

Idan Inna za ta je wajen lauya, ka ajiye abin da kake yi ka raka ta. Karɓi takardar, karanta mata da Hausa, layi bayan layi, har ta ce ta gane, har ta iya maimaita maka da bakinta abin da ta yarda da shi. Idan an ce ana sauri, ka ce ku ba kwa sauri. Idan an ce ai amana ce, ka ce amanar ce ta sa za a karanta. Sai bayan nan ta miƙa yatsa.

A nan za mu dakata. Wanda ke da takarda a gabansa yanzu haka, ya nemi lauya mai ikon tausiƙi ko ya je kotun da ke kusa da shi kafin ya yanke shawara. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mana haƙƙin marayu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)